Tsoffin takardun kuɗi a akwatin marigayi: yaya ake sanin abin da suka kai?

Ɗan Misfala, Makka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin rabon gadon kakanmu, Allah ya ji ƙansa, sai aka buɗe akwatinsa na ƙarfe aka tarar da tsoffin takardun kuɗi naɗe cikin ƙyalle. Akwai rasiɗin alhazai na riyal goma guda biyu, ɗaya da jiragen ruwa biyu a jiki, ɗayan kuma dabino da takubba ne a tsakiya. Akwai riyal ɗaya mai hoton Dutsen Nur guda huɗu, riyal biyar mai hoton Sarki Faisal kusan ashirin, jinen Sudan masu hoton tsohon shugaban ƙasar, Numairi, sule ashirin ta zamanin Turawa guda ɗaya, da 'yar Murtala guda shida. Wasu sun yi datti, ɗaya ma an manna mata salatif.

Wani ya zo har gida ya yi tayi, ya ce a ba shi duka a dunƙule. Manya sun ce a dakata tunda akwai marayu cikin magada. Ta yaya za mu san darajar kowace? Za mu iya goge su kafin mu nuna wa mai saye? Kuma ina ya kamata a kai su?

Baban Hafsa, Jidda:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Alhaji, ya kyautata namu zuwan. Manya sun yi daidai. Wanda ya ce a ba shi a dunƙule ya riga ya hango ɗaya ko biyu da yake so, sauran 'yan rakiya ne. Kada ku sallama sai kun san kowace da sunanta.

Ka fara cire wa ranka cewa tsufa shi ke sa takarda tsada. Abu uku ne ke yanke mata farashi: ƙarancinta, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. Takardar shekara saba'in da aka buga da yawa kuma mutane suka ɓoye da yawa, ba ta kai wadda ba ta kai ta tsufa ba amma kaɗan ta rage.

Rasiɗan nan biyu su ne kan gaba a kayanku. An kafa hukumar kuɗi ta Saudiyya, SAMA, a 1952, lokacin riyal na azurfa ne, alhaji kuwa sai ya yi ta fama da nauyinsa. Shi ya sa a 1372 Hijira, wato 1953, aka fitar da rasiɗin riyal 10, da rubutu cikin Larabci, Farisanci, Turanci, Urdu, Turkanci da yaren Malay. Mai dabino da takubba a tsakiya shi ne wannan na farko, masu harkar suna ce masa farar goma. Mai jiragen ruwa biyu a gaɓar Jidda na 1373 ne, ana ce masa koriyar goma. A shekarar aka yi na riyal 5, sannan na riyal 1 a 1375, aka soke su duka a 1965. Farar goman ta fi koriyar wuyar samu nesa ba kusa ba, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kawo mai tayin nan ƙofarku. Ka duba shekarar da ke jikin kowanne ka tabbatar.

A nan ne kuma mutane da yawa ke ruɗewa. Takardun riyal tun daga na Sarki Sa'ud har zuwa na Sarki Fahad duk suna ɗauke da shekarar 1379. Wannan shekarar dokar kuɗin ce, ba shekarar da aka buga takardar ba. Sai ka ga mutum riƙe da riyal ɗaya ta zamanin Fahad yana rantsuwa ta Sa'ud ce. Zanen jiki shi ke raba gardama. Fitowa ta farko 1961 ce, zamanin Sa'ud, babu hoton sarki a jikinsu, kuma riyal ɗayarku mai Dutsen Nur, in dai babu hoton sarki a jikinta, daga cikinta take. Ta biyu 1968, zamanin Faisal, ita ma babu hoton sarki. Mai hoton Faisal ɗin da ke hannunku bayan rasuwarsa ta fito, a zamanin Khalid, ita ce fitowa ta uku. Ta huɗu 1984, zamanin Fahad, a nan riyal 500 ta shigo. A fitowar Sa'ud, 50 da 100 su ne masu tsadar gaske. Riyal ɗaya tana da masu so, amma sai in ta fito tsaf.

Riyal biyar ɗin nan guda ashirin, ka jera su a kan tabarma ka dubi kalmar خمسة a kowace. Bugun farko ya fito da kuskure a rubutunta, daga baya aka gyara, kuma mai kuskuren ta fi kuɗi. Ka nemo hoton kowanne iri biyun ka gwada, kada ka dogara da ido kawai. Haka sa hannu: kowace takarda tana da na gwamnan hukumar da na ministan kuɗi. A takardun Sa'ud za ka ji ana cewa wannan sa hannun Ɗalal ce, waccan ta Musa'id, dukansu ministocin kuɗi ne, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Gwamnan lokacin Anwar Ali ne, ɗan Pakistan, ya riƙe hukumar daga 1958 zuwa 1974.

In ka gama tantancewa, kusan kowace takarda a duniya tana da lambar da ake kiranta da ita, lambar Pick, daga kundin da Albert Pick ya fara haɗawa. Farar goma ita ce P-1 ta Saudiyya, koriyar P-4. Shafin Numista zai nuna maka hotuna da lambobin kyauta. Da wannan lambar za ka nemi farashi, ba da cewa "tsohuwar riyal goma" ba.

Malam na Baɗaha, Riyad:

Allah ya ji ƙan mamaci. Abin da Baban Hafsa ya faɗa haka yake. Ni tambaya ta biyu ce ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara.

Kada ku wanke. Kada ku goge da dutsen guga. Kada ku sa sitati, ko omo, ko abin goge fensir, kada ku danne ta cikin littafi tana da laima. Salatif ɗin nan ma ku bar shi inda yake, ɓare shi zai tafi da tawada da fatar takardar. Garin neman gira ake rasa ido. Takardar kuɗi daga auduga ake yin ta, kuma ana buga manyan rubuce-rubucenta da matsi mai ƙarfi, shi ya sa in ka shafa da ɗan yatsa za ka ji tudu-tudu. Ruwa da guga suna kwantar da wannan tudun, takardar ta yi laushi kamar tsumma, ƙarar nan da take yi in an kaɗa ta ta ɓace. Omo kuma yana barin sinadarin da ke haskawa shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar gwajin jabu, alhali takardar asali ba ta haskawa haka. Ɗan kasuwa zai gane cikin daƙiƙa biyar, ya ce magsula ce ko makwiyya, wato wankakkiya ko gogaggiya, ya zabge farashin. Mai datti da ba a taɓa ba ta fi mai haske da aka wanke.

Sai auna lafiyarta. Ku wanke hannu ku busar, ku share tebur, ku shimfiɗa baƙin ƙyalle. Kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocilar waya a gefen takardar yadda hasken zai bi ta kanta a kwance. Duk ninkin da ido bai gani ba zai fito da inuwarsa. Ƙirga su, na tsaye da na kwance. Sannan ka ɗaga ta ga haske, ka nemi ƙananan huji na allura ko na sitefila, da ɗan ramin da ke fitowa a tsakiya inda ninki biyu suka haɗu. Dubi kusurwoyi huɗu, masu tsini ne ko sun dakushe. Auna tsawo da faɗi da rula a milimita ka gwada da abin da kundi ya ce, domin akwai masu datse gefen da ya cinye da reza don ta yi kyan gani.

Matakan kamar haka suke. Wadda ba ta taɓa shiga hannu ba, babu ninki ko ɗaya, kusurwa kamar yau aka yanka, ita ce UNC, a kasuwar nan ansar ake ce mata. Mai ninki ɗaya mara zurfi, ko ɗan lanƙwasar ƙirge a kusurwa, AU ce. Ninki mara zurfi har uku, ko ɗaya mai ƙarfi, takarda na nan da ƙarfinta, XF. Ninki da yawa da ɗan datti amma babu yaga kuma ba ta yi laushi ba, VF. In ta yi laushi, gefe ya fara tsagewa, F. Ƙasa da haka akwai VG da G, masu rami a tsakiya da gutsurarren gefe. Tsakanin mataki da mataki kuɗi ne mai yawa, ba ɗan ƙari ba. Takarda ɗaya a ansar tana iya ninka 'yar uwarta ta VF sau da dama. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya dubi farashin ansar ya ɗora wa tasa mai ninki shida. Ka auna, sannan ka sauko da mataki ɗaya daga abin da zuciyarka ta ba ka, nan ne mai saye zai tsaya.

Tabon tsatsa daga akwatin ƙarfe, tabon miski ko man turare, rubutun biro, tambarin ɗan canji, kowanne yana rage kuɗi ko da ninki bai yi yawa ba. Ku rubuta shi a bayaninku, kada ku ɓoye.

Inda zan ƙara a kan maganar Baban Hafsa: lambar Pick ka ɗauka, amma farashin da ke cikin kundin ka bar shi, ya tsufa. Haka kuɗin da mutane ke rubutawa a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, ko a Instagram, wannan buri ne na mai kaya. Kowa na iya rubuta riyal dubu hamsin a ƙarƙashin hoto. Abin da za ka nema shi ne nawa aka biya. A eBay akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar. Gidajen gwanjo irin su Heritage a Amurka da Spink a Landan suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya da hotuna. Nemo ciniki biyar na lamba ɗaya, sa hannu ɗaya, mataki ɗaya, cikin shekara biyu da suka wuce. Jefar da mafi tsada da mafi arha, ka ɗauki tsakiyar ukun da suka rage. Ka lura farashin gwanjo yakan haɗa da la'adar da mai saye ke biya, wajen kashi 20 cikin 100, wadda ba ta shiga aljihun mai kaya, sannan shi ma mai kayan ana cire masa tasa. Ɗan kasuwa kuma dole ya saya ƙasa da haka don ya ci riba, wannan ba zalunci ba ne. Zalunci shi ne ya sayi farar goma a kuɗin koriya.

Game da kamfanonin tantancewa, PMG ya fi shahara. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70 su rufe takardar cikin leda mai hatimi: VF daga 20 zuwa 35, XF 40 da 45, AU 50 zuwa 58, ansar daga 60. Haruffan EPQ na nufin takardar ba a taɓa ta da ruwa ko guga ba. Ana biyan kuɗin aiki da na aikawa a kan kowace ɗaya, saboda haka a kayanku farar goma kaɗai nake ganin ta cancanci wannan, domin ita ce ake yi wa jabu kuma mai saye daga nesa ba zai saki kuɗi ba sai da shaida. Kai 'yar Murtala can asara ce.

Ɗan Maiwurno, Kasala:

Allah ya sa Aljanna ce makoma. Bari in ɗauki ɓangaren Sudan da na gida.

Masu hoton Numairi da rawani sun fara fitowa a 1981. Da aka kifar da shi a 1985 sai aka cire hoton aka sa taswirar ƙasa. An buga su da yawa, kuma da darajar jine ta zube mutane sun bar su a akwati damki-damki, don haka ƙananan ba su da wani kuɗi sai in ansar ne. Manyan cikinsu sun fi. Duk abin da ya biyo baya, dinarin 1992 da jinen 2007, kusan na tunawa ne kawai. Abin da za ku sake dubawa a ƙyallen nan shi ne ko akwai masu kwanan wata na 1956, na hukumar kuɗin da ta riga Bankin Sudan, waɗanda suka maye gurbin fam ɗin Masar a 1957. Bankin kansa sai 1960 ya fara aiki. Alhazan da suka bi ta ƙasa suka yi shekaru suna aikin auduga a Jazira kafin su tsallaka daga Sawakin, irin waɗannan suke riƙewa. Jine biyar da jine goma na wannan fitowa, masu lafiya, ana nemansu sosai.

Wata rana wani zai nuna muku takardar girshi ta Janar Gordon na Ingila, ta lokacin da Mahadi ya kewaye Khartum a 1884. Na gaske suna nan, wasu da sa hannunsa na alƙalami wasu na bugu, amma kwaikwayonsu ya yi yawa. Kada a saya, kada a yi musaya da ita, sai da shaidar masu tantancewa.

Sule ashirin ɗinku ta hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ce, wadda Ingila ta kafa a 1912 don Najeriya, Gold Coast (Gana ta yau), Saliyo da Gambiya. Kowace tana da cikakken kwanan wata a fuskarta, rana da wata da shekara, kuma farashi yana bin wannan kwanan watan, domin wasu an buga kaɗan. Rubuta shi daidai kafin ka nema. Najeriya ta fara nata fam ɗin a 1959, aka canza a 1965, aka sake canzawa a 1968 lokacin yaƙin basasa, naira ta zo 1 ga Janairu 1973.

'Yar Murtala ta fito a Fabrairun 1977, aka canza launinta a canjin kuɗi na 1984, aka ci gaba da buga ta shekara da shekaru. Yawancin waɗanda ke hannun mutane na baya-bayan nan ne, kuɗinsu kaɗan. Dubi sa hannun gwamnan Babban Banki: Adamu Ciroma 1975 zuwa 1977, Ola Vincent 1977 zuwa 1982, Abdulkadir Ahmed 1982 zuwa 1993.  Dubi lambar jeri kuma. In shidan nan lambobinsu na bin juna, kada a raba su, a haɗe sun fi kuɗi. Lamba mai kyau, irin wadda duk adadinta ɗaya ne ko mai sifili da yawa a gaba, tana da nata masu nema.

Tunda gidan tsohon mazaunin Makka ne, a duba ko akwai rufi na Hajji, wato kuɗin Indiya da Pakistan na alhazai. Indiya ta buga na rufi 10 da 100 a 1959 musamman don alhazanta, lambarsu na farawa da HA, Pakistan ma ta yi nata. Na Indiyan suna da wuyar samu ƙwarai, kuma mutane kan ɗauke su tarkacen canji.

Ummu Khalil, Madina:

Allah ya jiƙan Baba, ya albarkaci abin da ya bari. Ɗana, kafin a kai ga ciniki, ku fitar da su daga ƙyallen da akwatin yau ɗin nan. Ku sayi ledar ajiye takardun kuɗi wadda aka rubuta babu PVC a cikinta, kowace takarda da tata. Leda mai laushi mai warin roba tana fitar da maiƙo a hankali ya manne wa tawada. Laminatin kuwa kashe takarda ne gaba ɗaya, ba mai sayenta bayan haka. Ban da roba mai ɗaure kuɗi, ban da kilif. A kwance za a ajiye su, cikin ɗaki mai sanyi, nesa da rana da hayaƙin turaren wuta. In za a kai su Jidda su kwana biyu, a sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi a cikin kwalin, don laimar teku na kawo ɗigon fumfuna ruwan ƙasa wanda ba ya fita.

Tunda dukiyar magada ce, a yi takarda: lamba ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, ƙasa, adadi, shekara, lambar jeri, da hoton gaba da baya. Mutum biyu daga cikin magada su sa hannu. Lambar jerin ita ce kariyarku, domin ana karɓar takarda a ce za a duba a dawo da wata mai kama da ita wadda ba ta kai ta ba. Kada a bar wa kowa ita ta kwana. A nuna wa 'yan kasuwa uku waɗanda ba su san juna ba, kowanne ya yi tayin kowace takarda daban a rubuce. A Riyad akwai masu wannan harka a Kasuwar Zal da ke Dira, a Jidda kuma cikin Balad. Wanda ya ce ku fara biyan kuɗin rajista ko na aikawa kafin ya turo muku miliyoyi, ɗan damfara ne, a rufe wayar.

Akwai kuma ɓangaren shari'a. Malamai da dama sun bambanta kuɗin da aka soke, wanda ya zama haja ana sayar da shi yadda aka daidaita, da wanda har yanzu ake ciniki da shi, wanda hukuncin canji ke hawa kansa. Ku kai wa malamin da ke raba muku gadon jerin nan ya duba, musamman in an sami riyal na kusa-kusa a ciki.

Ɗan Misfala, Makka:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na duba da tocila kamar yadda Malam ya ce. Mai dabinon 1372 ce, ninki uku a tsaye ɗaya a kwance, babu yaga, amma akwai ɗan tabon tsatsa kamar ƙwayar gero a kusurwar hagu ta sama. Salatif ɗin a kan koriyar yake. Tsatsar nan za ta hana a karɓe ta a wurin tantancewa?

Malam na Baɗaha, Riyad:

Ba za ta hana ba. Za su karɓa, su ba ta maki, su rubuta tsatsar a bayan ledar, sai dai da wuya ta sami EPQ. Yadda ka kwatanta, in takardar na da sauran ƙarfi, lissafinka ya tsaya a VF, kuma cinikin da za ka gwada da shi ya zama na masu tabo irin nata. Kada ka kankare tsatsar da farce ko ka ɗiga mata lemon tsami, wurin zai huje. Ka sa ta a leda ita kaɗai tsakanin kwali biyu masu tauri, ka ɗauki hotonta gaba da baya da rana a inuwa, ba da filashi ba, da rula a gefenta. Koriyar mai salatif a sayar da ita yadda take, a faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya.